Ƙafar Tsohuwa

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki da maigidanta da jikoki. Mu ma lafiya lau. Na san za ki juya takardar nan ki duba ƙasanta ki ga wane ne, to kada ki wahala. Dogo ne, ɗan marigayi ɗan'uwanki da kuka haɗa kaka. Rabona da ke tun ina saurayi, ranar da kika ce in na ƙara tsawo sai an ɗaga mini rufin ɗaki. Na ƙara kuwa.

Na so in kira ki a waya, sai tsohuwata ta ce kada in ɓata lokaci, injinan masaƙa sun daɗe da cinye miki kunne, amma in takarda ce za ki karanta har abin da ban rubuta ba. Ita ta kwatanta mini direban da ke bin hanyarku. Tana can gida, ni kuma aiki ya kawo ni nesa da ita. Jikinta da sauƙi, sai ciwon suga da gwiwa da ke taɓa ta jefi-jefi. Tana gaishe ki.

Ga abin da ya sa na neme ki. Walda nake yi, kuma an ɗauke ni aiki a tsohuwar masaƙar da kuka yi aiki ke da ita. Za a mai da ita ɗakin karatu na jama'a. Injiniyar da ke kula da ginin mace ce mai natsuwa, ta ce ba za a cire tagogin ƙarfen nan a sa na zamani ba, gyara su za a yi su koma yadda suke. Kowace sai mun zare gilashinta ɗaya-ɗaya, mu kankare busasshen danƙon da ke riƙe da shi, mu sauke ta, mu gurje tsatsa har farin ƙarfe ya fito. Inda ya ruɓe mu yanke mu yi ƙari.

Abu biyu ne suka shige mana duhu. Fenti ya hau kan fenti, ba mu san launin asali ba. Sannan ƙananan tagogin da ke can sama kusa da rufi, mun ga alamar ana buɗe su, amma ba tsani ba sarƙa, ba mu gane ta yaya ba. Na tambayi tsohuwata, ta ce ita kullum kanta a sunkuye yake kan zare, a tambayi Rediyo, ita ce idonta a waje. Ki yi haƙuri, yadda ta faɗa na rubuta.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, na kuma ji daɗinta ƙwarai. Kowa ƙalau a nan. Ni ma ba ni da wani ciwo sai kunnen da uwarka ta riga ta yi maka tallansa.

Rediyo ɗin nan ita ta laƙa mini, wai ba na shiru. Ni kuma Gajera nake ce mata, don sai an sa mata akwati take kaiwa saman injinta. Yadda aka yi ta haifi irinka, Allah kaɗai ya sani.

Launin kore ne mai duhu, irin na ganyen da ya sha ruwan sama. Farin da toka-tokar duk daga baya ne, lokacin da aka fara shafa duk abin da aka samu.

Tagogin sama kuwa, daina kallon sama, dubi ginshiƙin da ke kusa da ƙofar shiga. Akwai wani mariƙi a jikinsa, kamar na keken ɗinki amma babba. In ka juya shi, wata doguwar sanda ta ƙarfe da ta bi bango tana juyawa, sai duk tagogin su karkata tare. Shugaban ma'aikata kaɗai ke taɓa shi, kuma ba ya son buɗewa, wai busasshiyar iska tana tsinka zare. Mu kuwa gumi har cikin takalmi. Da ya shiga ofis sai in lallaɓa in juya kaɗan. Uwarka ce mai gadi, amma tsoro gare ta, ko inuwa ta gani sai ta ɗaga mini hannu.

Ka ga babbar tagar da ke ƙarshen zauren, mai kan baka? A ƙarƙashinta injinanmu suke, nawa da nata. Ta nan ubanka yake wucewa da kekensa lokacin tashi, wai ya zo gaida 'yar'uwarsa. Mutumin da bai taɓa tako gidanmu don gaisuwa ba. Ni yake gaisarwa, idonsa yana bayana. Da na gaji sai na ce masa, Yaya, ga ta nan, ka daina ɓata mini suna da zumuncin ƙarya.

Ni da uwarka ba abin da ya haɗa mu. Masaƙa ta rufe, mijina ya sami aiki nesa, kowa ya kama gabansa. Bana za ni, baɗi za ni, har aka kai yau. Yanzu ina bene a gidan 'yata. Suna kula da ni sosai, sai dai hira ta gagara. Su faɗa, in ce me, su sake faɗa da ƙarfi, in sake cewa me, sai su yi murmushi su ce ba komai. Shi ya sa takarda ta fi mini.

Ka riƙa ba ni labarin aikin. Ka gaida Gajera, ka ce ta kiyayi zaƙi.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya. Motar direbanmu tana gareji, don haka wannan ta gidan waya zan aiko.

Goggo, kin yi mana aiki. Na karanta wa Injiniya takardarki, ban da wajen Baba da kekensa. Muka je ginshiƙin, ga ramukan ƙusoshi an cike su da siminti. Ta sa aka buɗe wani ɗakin ajiya a ƙasan bene, muka tarar da mariƙin cikin tarkacen injina, tsatsa ta rufe shi amma haƙoransa ba wanda ya karye. Sandar ce babu, sai mun ƙera sabuwa. Mai fenti kuma ya kankare wani lungu a hankali da reza, ya wuce fari, ya wuce toka-toka, sai ga korenki. Ya ce in gaya miki idonki ya fi na'ura.

Aikin yana mini daɗi fiye da yadda na zata. Da safe in na shiga, zauren shiru, sai tattabaru a rufi. Ka ɗauki taga baƙa ƙirin kamar an tono ta daga ƙasa, ka bi ta da buroshin waya, kafin azahar tana walƙiya. Masu ƙirar nan ba su yi ha'inci ba. Wani hinjin da ya shekara aru-aru bai motsa ba, ka ɗiga masa mai, ka bar shi ya kwana, ka ɗan buga, sai ya juya kamar jiya aka rufe shi. Gilasan ma muna lallaɓa su, domin irin na da ne, in ka leƙa ta ciki bishiya takan ɗan yi rawa. Mai gilashi ya hana kowa kusantar inda ya jera su, ko tari ka yi sai ya harare ka.

Babbar tagarku mai kan baka ita muka bari ƙarshe. Abokan aiki sun sa mata suna Tsohuwa, don ta fi kowace girma, ta fi kowace gardama, kuma in iska ta taso tana gunaguni. Kin ga yanzu tsofaffi biyu gare ni, ɗaya a gida ɗaya a wurin aiki. Ƙarfen da ke ƙasanta, wanda muke ce wa ƙafa, ruwa ya daɗe yana kwanciya a kai, ban san me za mu tarar ba. Injiniya ta ce in ruɓar ta hau sama da yawa, dole a haƙura da ita a ƙera wata. Ni kuwa tun da kika ba ni labarin Baba ba na son jin haka.

Ki gaida mutanen gida.

Ɗanki,
Dogo

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Direba ya dawo hanya, ga shi tsaye yana jira, don haka a gurguje.

Tsohuwa kam abin ya fi yadda muka zata. Mun kwantar da ita an duba, ƙafar ta ci ciki sosai. Wanda aka kira ya gani ya ce ba makawa sai an yanke, fatan dai kada ya zama ya hau sama. Ba na jin daɗin raina. Ni zan tsaya a kanta da kaina, ba zan bar wa kowa ba. Ki sa mu a addu'a.

Dogo

*

Dogo,

Tun amsar da na ba ka ban sake ji daga gare ka ba, ina ta zuba ido, sai ga wannan guntuwar takarda. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Ashe abin ya kai haka shi ne ka ce mini jefi-jefi? Na san ciwon suga, shi ya ɗauki maƙwabciyarmu, kuma daga ɗan yatsa ya fara. Ban ga laifinka ba, na san halin uwarka, ko wuta take ci za ta ce da sauƙi.

'Yata ta ce a nemi lambarku a kira. Na ce a'a. Ko an kira lafiya lau za a ce, ni kuma ba ji zan yi ba, sai abin da aka ga dama aka gaya mini. Ta ce tafiyar ta yi mini nisa. Na ce da ta yi nisa ai shi ya kai mu ga wannan. Na haɗa jakata. Gobe direban nan zai ɗauke ni, ya ce ya san unguwar. Wannan takarda zai miƙa a wurin aikinku ko da kana can, in kuma kana asibiti mu haɗu a gefen gadonta.

Kada ku bari a taɓa ta kafin in iso. Ba hana likita zan yi ba, so nake ta ga fuskata tukuna.

Goggonka

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga tsakar gidan uwarka, a kan tabarmarta, da alƙalamin ɗan hayarta malamin makaranta. Lafiyata lau, ita ma lafiyarta lau, kamar yadda ka fi kowa sani. Ka ji rabin labarin a waya, to ga cikonsa, don ka san abin da ka jawo.

Duk hanya ban ci komai ba. Ina ta tsara abin da zan ce mata, kowanne na tsara sai in ga bai yi ba. Direba ya ajiye ni a bakin lungu. Na yi sallama, ban san ko an amsa ba, na shiga. Na zaci zan tarar da gida cike da mata ana magana ƙasa-ƙasa. Sai ga wata 'yar tsohuwa a kan kujera, tsaye, ta yi ɗage tana ɗaura igiyar shanya a ƙusa.

Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa ban dubi fuskarta ba, ƙafafunta nake kallo. Na ajiye jaka na je na ɗaga bakin zanenta, na duba ta dama, na duba ta hagu, na latsa.

Ta ce, "Rediyo, shekara da shekaru ba mu haɗu ba, da abin da za ki fara ke nan?"

Na ce, "Wacce za a yanke?"

Ta ce, "Wacce me?"

Na miƙa mata takardarka. Ta sauko, ta nemo tabarau, ta karanta. Dogo, a nan ne wasa ya ƙare. Na ga fuskarta ta canja. Ta zauna a hankali ta ce, "Watan jiya yaron nan ya kai ni asibiti. Bayan na fito ya koma ciki shi kaɗai. Ko likita ya gaya masa abin da bai gaya mini ba?" Ta miƙe ƙafafun tana dubawa kamar ba nata ba. Muka zauna mu biyu muna kallonsu. Na riƙe hannunta, ya yi sanyi.

Allah ya kawo malamin nan daga makaranta, ya kira mata kai. Ni ba na jin abin da kake faɗa, fuskarta kawai nake karantawa. Na ga ta kasa kunne, na ga bakinta ya buɗe, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ajiye wayar ta kwanta a tabarma tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta ce mini, "Taga ce. Tagarmu ce."

Ban yi dariya nan da nan ba. Kuka na fara yi, irin wanda na riƙe tun daga gida, sannan dariyar ta zo ta same shi. Malamin ya tsaya da jakarsa bai san wa zai rarrasa ba.

Uwarka ta ce in gaya maka, duk wanda ya sa wa ƙarfe sunan uwarsa, ya shirya bayani in ya zo. Ni kuma na ce ka koyi rubuta takarda mai kai da ƙafa.

Yaya jikin ɗaya tsohuwar?

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Ki gafarce ni, ki kuma roƙar mini Inna. Daga yau Inna zan riƙa rubutawa. Na ɗauka doguwar takardar da na aika ta gidan waya ta riga ta isa, a cikinta na yi bayanin sunan. Ranar da direba ya miƙo mini taki ina kan dandamalin aiki, na karanta na kusa sakin guduma a kan mai fenti. Ina neman lambar malamin sai ga kiransa ya shigo. Komawar da na yi wurin likita kuwa, hular da na manta na je ɗaukowa.

Abokan aiki sun sami abin yi. Da safe kowa sai ya ce, Dogo, ya mai jiki? Injiniya ma da ba ta cika wasa ba ta ce a rubuta a allo, ba a yanka kowa sai an sanar da dangi.

To ga labarin mai jikin. Mun yanke ƙafar. Na fara daga ƙasa ina hawa kaɗan-kaɗan, ina duba bakin yankan. Da fari ƙarfen yana marmashewa kamar busasshen burodi. In ruɓar ta kai mahaɗar farko kuwa, shi ke nan. Saura kamar faɗin tafin hannu, sai na ji injin ya canja murya, tartsatsi ya fito fari. Lafiyayyen ƙarfe. Na kashe injin na zauna a ƙasa na ɗan huta.

Ƙarin ma ba sabon ƙarfe muka sa ba. Akwai wata ƙaramar taga ta bayan gini da bango ya faɗo wa, ba ta gyaruwa, daga jikinta muka ciro, ƙira ɗaya zamani ɗaya. Na yi waldar a hankali don kada zafi ya karkatar da ita, na goge. Mai gilashi ya shafa da yatsa yana neman mahaɗin, ya ce sai na nuna masa. Na kuma huda 'yan ƙananan ramuka a ƙasa yadda ruwa zai riƙa fita.

Jiya muka mai da ita mazauninta, an sa gilasanta, an shafa kore. Da yamma rana ta shigo ta cikinta ta kwanta a daɓen zauren. Akwai tabon ƙusoshin injina biyu a wurin, dab da juna. Na ce wa masu daɓe su dakata da nan tukuna, Injiniya ta yarda.

Yaushe za ki koma? In kin ƙara kwana biyu zan zo in kai ki da kaina.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na duba sugan uwarka da idona a wurin mai magani, ya yi daidai. Na kuma gano inda take ɓoye alewa.

Barka da aiki, Allah ya yi maka albarka. Doguwar takardarka ta iso, 'yata ta haɗo ta da magungunana da sauran zannuwana. Na karanta wa Gajera. Da na zo wajen tsofaffi biyu ta ce yanzu uku ne.

Ka tambayi yaushe zan koma. Bari in gaya maka wani abu da ban lura da shi ba sai da na kwana biyu a nan. A masaƙa ba a jin magana, ƙarar injina ba ta bari. Don haka muka koyi hira da leɓe da hannu. Ka buɗe baki sosai ba murya, ka taɓa haɓa, ka juya yatsa, daga wannan ƙarshen zaure zuwa wancan a gane ka. Na ɗauka abin ya tafi tare da masaƙar. Ran nan muna zaune, tana can bakin murhu ina nan ƙofar ɗaki, ta ba ni labarin auren 'yar maƙwabta tun daga farko har ƙarshe, da wanda ya ji haushi da wanda bai zo ba. Sai da ta gama na ankara ban ce me ba ko sau ɗaya. Ita ma ba ta san ta koma yi ba, bakinta ne kawai ya tuna.

Dogo, na daɗe ban yi hira ba. Ana yi mini magana, ana kyautata mini, amma hira daban ce. Yanzu tun safe muke yi har a kira magariba. Malamin ya ce bai taɓa zama gidan da ake surutu haka ba kuma yana gyaran jarrabawa lafiya lau.

Na rubuta wa 'yata na ce zan kai ƙarshen damina. Ta amsa cewa ta san ƙarshen daminata. Ba ta ji haushi ba, ta ce za ta kawo yaran hutu.

Zancen zuwa ganin tagar, uwarka ta fara noƙewa, wai gwiwa, wai mota. Na ce mata ni da na yi doguwar tafiya don ƙafar da ba ta da komai, ita ma za ta taka ta ta je. Ta yarda, da sharaɗin ba za a sa ta yin jawabi ba. Ka zo ka ɗauke mu in an share zauren. Ka tanadi kujeru biyu, ka kuma gaya wa Injiniya kada ta damu da dokar shiru ta ɗakin karatu. Mu ba za mu dami kowa ba.

Gajera tana can tana yi mini hannu abinci ya sauka, kuma wai na cika rubutu. Sai ka zo.

Goggonka